Harafi Mai Ƙiba: Kamanninsa Da Amfaninsa

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta hanyar Bakori, in ya buɗe idonsa da kyau, zai yi karatu mai yawa ba tare da ya buɗe littafi ba. Ga allunan shagunan taki da iri, ga na masu sayar da magani, ga sunayen makarantu da majami'u da masallatai, ga kuma karin maganar da ake rubutawa a goshin manyan motocin da ke ɗaukar masara da auduga. Yawancinmu mukan karanta abin da aka rubuta mu wuce, ba mu cika tsayawa mu dubi su haruffan da aka yi rubutun da su ba. Alhali kuwa harafi ma yana da fuska kamar mutum. Akwai siriri, akwai dogo, akwai mai tsini, akwai kuma wani mai ƙiba, baƙi wuluk, wanda ba shi da kusurwa ko ɗaya a jikinsa, sai ka ce da curin fura aka gina shi.

A kan wannan na ƙarshe muke so mu yi bayani a wannan shekara, domin shi ne ɗalibanmu suka fi zaɓa duk lokacin da aka ce su rubuta sanarwa, ko su shirya ƙyallen ranar ba da kyaututtuka, ko rigunan wasannin gidaje. Sunansa a wurin masu ɗab'i Cooper Black. Za mu duba inda ya fito, da yadda ake gane shi, da aikin da ya dace da shi, da wanda bai dace ba, sa'an nan da wata matsala da ta shafe mu musamman, mu masu rubutu da Hausa.

Asalinsa

Wani Ba'amurke mai suna Oswald Cooper ne ya zana wannan harafi. An haife shi a 1879, ya rasu a 1940. Tun yana saurayi ya koyi aiki a maɗaba'a, daga baya ya tafi birnin Shikago ya yi karatun zane, inda ya koyi tsara haruffa a hannun Frederic Goudy, ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan sana'a. A 1904 shi da abokinsa Fred Bertsch suka buɗe wurin aikinsu, suna rubuta tallace-tallace da hannu domin kamfanoni. Wato dai asalinsa mai rubutun talla ne, ɗan'uwan masu buroshi da fentin da muke gani a bakin tasha.

A wancan zamani da dalma ake zuba haruffa. Kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne, mai ɗab'i zai tsinto su ɗaya bayan ɗaya ya jera, a shafa tawada, a danna a kan takarda. Wani kamfanin zuba haruffa na Shikago, Barnhart Brothers & Spindler, shi ya ga rubutun hannun Cooper ya nemi a mayar da shi haruffan dalma. Sun fara da mai matsakaicin kauri, sa'an nan a 1922 suka fitar da mai ƙibar, suka sa masa suna Cooper Black. Kalmar ta biyu ma'anarta baƙi, a bakin masu ɗab'i kuwa tana nufin harafin da ya kai matuƙa wajen kauri. An yi ta raha da cewa an yi shi ne domin masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa. Kasuwarsa ta buɗe ƙwarai, har wasu kamfanoni suka fito da makamantansa. Malaminsa Goudy ma ya zana nasa mai kauri a 1925.

Bayan zamanin dalma harafin bai mutu ba. A 1961 kamfanin Letraset na Ingila ya fara sayar da haruffa a kan wata takarda mai sheƙi, wadda in ka ɗora ta a kan farar takarda ka goga da bakin biro sai harafin ya manne. Da wannan dabara kowane mai zane ya sami haruffan maɗaba'a a kan teburinsa, Cooper Black kuwa yana cikin waɗanda suka fi yawo. Ya fito a bangon faifan waƙa na Pet Sounds a 1966, kamfanin jirgin sama na easyJet da aka kafa a 1995 ya rubuta sunansa da shi a jikin jiragensa. Da kwamfuta ta zo sai aka sa shi cikin jerin haruffan da ke zuwa tare da manhajar rubutu ta ofis. Ta nan ne ya shiga kowane shagon buga takardu na garuruwanmu. A 2022 ya cika shekara 100.

Yadda Ake Gane Shi

Akwai alamu biyar da ɗalibi zai riƙe.

Ta farko ita ce kauri. Sandar harafin tana da faɗi ƙwarai, ta yadda baƙin da ke cikin kalma ya fi farin yawa. In ka tsaya nesa ka runtse ido kaɗan, kalmar za ta zama kamar dunƙule guda.

Ta biyu, ba shi da tsini. Yawancin haruffan littattafanmu suna da 'yan ƙafafu a ƙarshen sandunansu, sirara masu kaifi kamar bakin allura. Shi ma wannan yana da ƙafafun, amma nasa a dunƙule suke kamar tafin raƙumi. Ƙasansu ma ba a shimfiɗe yake ba, ya ɗan yi tudu, shi ya sa harafin yake kamar yana rangaji a kan layi.

Ta uku, cikinsa ƙanƙane ne. Abin da muke nufi da ciki shi ne farin filin da ke tsakiyar haruffa irin su o da a da e da b. A wannan harafi filin ya matse, a cikin a da e ma bai fi ƙwayar gero ba in rubutun ƙarami ne.

Ta huɗu, dubi harafin o da kyau. Farin da ke cikinsa ba a tsaye yake ba, ya jingina baya ta wajen hagu. Wannan gado ne daga rubutun alƙalami mai faɗin baki, irin wanda kan bar kauri a wani gefe da siranta a wani. Duk wanda ya taɓa ganin yadda alƙalamin kara yake tafiya a kan allo zai gane abin da muke faɗi.

Ta biyar, ɗigon da ke kan i da j ba kewayayye ba ne sosai. Ya yi kama da ƙwan zabo da aka kwantar a karkace.

Akwai wasu haruffa masu kauri da zagaye waɗanda ba su da ƙafafu ko kaɗan, sandunansu kawai aka dunƙule kamar ƙarshen tsiran alade ko bakin taɓarya. Misalinsu shi ne VAG Rounded, wanda aka zana wa kamfanin motoci na Volkswagen a 1979, da Arial Rounded da ke cikin kwamfutoci da yawa. Dangi ne ta wajen hali, yawancin abin da za mu faɗa a ƙasa ya shafe su, amma rashin ƙafafun nan shi ke raba su da Cooper Black.

Abin Da Ya Sa Ya Karɓu

Dalili na farko shi ne juriya. Harafi mai siraran layuka da tsini yana bukatar takarda mai kyau da inji mai lafiya. In tawada ta yi yawa sai tsinin ya cushe, in ta yi kaɗan sai siraran layukan su ɓace. Shi kuwa mai ƙiba ba shi da abin da zai yi asara, gama kusurwar da tawada za ta dunƙule tun asali a dunƙule take. Saboda haka yana fitowa da kyau a kan takarda mai arha, da ledar burodi, da buhu, da riga, da bango mai kaushi. Rana da ƙurar hunturu da ruwan Agusta sukan cinye siririn rubutu cikin shekara ɗaya ko biyu, amma mai kauri yakan daɗe ana karanta shi ko da fentin ya koɗe.

Dalili na biyu, yana tafiya da buroshi. Buroshin da ya sha fenti da kansa yake barin ƙarshe mai zagaye. Fitar da kusurwa mai kaifi shi ne aiki mai wuya da cin lokaci. Don haka masu rubutun allo da na jikin mota, har waɗanda ba su taɓa jin sunan Cooper ba, hannunsu yakan kai su ga haruffa masu kama da nasa. In kuma hannu ya ɗan karkace ba a cika lura ba, domin harafin dama ba na tsayuwar soja ba ne.

Dalili na uku shi ne fara'a. Idon mutum yakan ɗauki abu mai tsini a matsayin gargaɗi, kamar ƙaya ko mashi, abu mai zagaye kuwa a matsayin abin da za a iya taɓawa. Wannan harafi yana da ƙarfin murya amma ba ya tsawa. Shi ya sa masu sayar da alewa da biskit da kayan yara suke ƙaunarsa, shi ya sa kuma ya dace da ƙyallen maraba.

Aikin Da Ya Dace Da Shi

Masu ɗab'i sun kasa haruffa gida biyu. Akwai na karatu, waɗanda ake buga jikin littafi da su, akwai kuma na shela, waɗanda ake buga kanu da talla da su. Ma'aunin girman harafi shi ake kira foyin, foyin 72 ke yin inci ɗaya. Jikin littafi yakan kasance foyin 10 zuwa 12. Harafin shela kuwa ba ya nuna kyansa sai daga wajen foyin 18 zuwa sama. Cooper Black ɗan gidan shela ne. Aikinsa irin na sanƙira ne, ya ɗaga murya ya faɗi magana kaɗan kowa ya ji, ya bar dogon bayani ga wasu.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da ɗalibanmu sun iya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In ana iya karanta allo daga nisan mita 50, to direba yana da daƙiƙa 3 ne kacal kafin ya wuce, a ciki kuma dole ya dubi hanya. Cikin daƙiƙa 3 ba a karanta fiye da kalma huɗu ko biyar. Mai shagon da ya cika allonsa da sunansa da na mahaifinsa da jerin kaya goma sha biyu, duk da haruffa masu ƙiba, ya yi asarar fentinsa. Da ya rubuta TAKI DA IRI da manyan haruffa, sauran bayanin da ƙanana marasa ado domin mai tafiya a ƙasa, da ya fi samun ciniki.

Masu sana'ar allo suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: a ba harafi tsawon inci 1 domin kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu, in ana so ya karanta ba tare da wahala ba. Alal misali, in tsawon ɗakin taro ko majami'a ƙafa 60 ne, to rubutun da aka liƙa a gaba ya kai inci 6, domin tsohuwar da ke bencin baya, wadda idonta ya fara rauni, ita ma ta gani. Wannan ya shafi allon lambobin waƙa, da jigon taron zumuntar mata, da sanarwar ranar iyaye. A ajin yaƙi da jahilci ma katin da ke ɗauke da harafi ɗaya babba mai kauri yana taimakon dattijon da ya fara koyon karatu da girma, ko da yake wajen koya masa rubutu da hannunsa gara a nuna masa harafi marar ƙafafu, wanda zai iya kwaikwaya da fensir.

Inda Bai Dace Ba

Gishiri ke gyara miya, shi ne kuma ke ɓata ta in ya yi yawa. Kada a buga dogon bayani da wannan harafi. Mun ce cikinsa ƙanƙane ne. In aka rage girmansa zuwa foyin 10, sai cikin a da e da o ya toshe, su zama kusan abu ɗaya, ido ya gaji kafin a gama sakin layi guda. In aka sa takardar a injin kwafi sau biyu ko uku kuwa, sai ta koma kamar sawun akuya a taɓo. Takardar jarrabawa, da wasiƙar neman aiki, da tsarin sujada, da rahoton kuɗi, duk ba wurinsa ba ne.

Haka nan in nisa ya yi yawa ƙwarai, kaurin da ke taimakonsa shi ke zama cikas, domin farin cikinsa yakan ɓace kalmar ta zama baƙin dunƙule. Abin da ya sa ke nan allunan kan manyan hanyoyi, masu nuna Zariya ko Gusau ko Katsina, ake rubuta su da haruffa marasa ƙafafu, masu matsakaicin kauri da buɗaɗɗen ciki.

Akwai kuma maganar da fara'a ba ta dace da ita ba. Mu a wannan yanki manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi na auduga ko na wake, da maganin ciyawa, da irin shuka da aka cuɗa da magani. Sau da yawa akan ɗura ragowar magani a wata kwalba dabam a ajiye. Wannan ɗabi'a ce mai haɗari, abin da ya fi shi ne a bar magani a mazubinsa na asali, inda akwai bayani da zanen ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da kuma launin da ke nuna ƙarfin dafinsa: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. In kuwa za a rubuta gargaɗi a ƙofar ɗakin ajiya, kamar na gonar makaranta, kada a yi shi da harafin da yaro ya saba gani a ledar alewa. A rubuta GUBA da harafi miƙaƙƙe marar wasa, da jan fenti, a zana ƙoƙon kai a gefe domin wanda bai iya karatu ba.

Matsalar Ƙugiya

Yanzu mun zo ga abin da ya fi damunmu. Oswald Cooper ya zana haruffansa domin Turanci, Turanci kuwa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. A farkon rubutun boko wasu suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna sa waƙafi a gefensa, kafin a tsaya a kan haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sun taimaka ƙwarai wajen sa idon jama'a ya saba da su. A shekarun 1980 an yi aikin samar da haruffan ɗab'i na bai ɗaya domin harsunan Nijeriya, wanda shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki. Yau kwamfuta da wayar hannu suna iya rubuta ƙugiya. Amma ba kowane salon harafi ne aka zana masa ita ba, Cooper Black ɗin da aka saba samu a kwamfutocin shaguna kuwa yana cikin waɗanda ba su da ita.

Abu biyu kan faru. Ko dai kwamfuta ta aro siririn ƙ daga wani salo ta cusa a tsakiyar masu ƙiba, ya tsaya kamar ramammen ɗan maraƙi cikin shanun huɗa, ko kuwa mai bugawa ya gaji ya sa k kawai. Na biyun ya fi yawa, ya kuma fi ɓarna. Mu kanmu ya taɓa faruwa da mu. Wata shekara mun aika a buga mana takardun da za a liƙa a kujeru ranar ba da kyaututtuka, ba mu duba ba sai da safiyar ranar. Da aka buɗe ƙunshin sai ga MANYAN BAKI da haruffa masu inci huɗu, baƙaƙe wuluk, waɗanda ake iya karantawa daga bakin ƙofar makaranta. Mu kuwa manyan baƙi muka gayyata. Sai da malamai biyu suka zauna da baƙar maka suna ƙara ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, motocin baƙin suna shigowa. Laifin namu ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan abin dariya ne, amma a tuna cewa ƙugiya ce ta raba ƙura da kura, da ƙafa da kafa, da ɓata da bata, da ɗaka da daka, da ƙasa da kasa. A cikin dogon rubutu mai karatu yakan gane abin da ake nufi daga sauran maganar. A kan allo kuwa, inda kalma biyu ko uku ne kawai, babu abin da zai taimake shi. Ga shi kuma yaran firamare daga allunan kan titi suke fara gwada karatunsu. In kullum suna ganin kuskure da manyan haruffa, za su ɗauka shi ne daidai.

Gyaran ba shi da wuya. Kafin a zaɓi salon harafi a kwamfuta, a fara buga ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ a gani ko sun fito da kauri ɗaya da sauran. In ba su fito ba, a sake salo, domin akwai masu kauri da dama da aka zana musu ƙugiya. In kuwa lalle wannan ake so, a buga b ko d ko k, a ƙara ƙugiyar da hannu. A ƙananan haruffa, kan doguwar sandar ne yake lanƙwasowa ta dama. A manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana saman hagu, a babban Ƙ kuwa tana kan hannun dama na sama. A yi ta da kauri daidai da jikin harafin, a dunƙule bakinta kamar sauran. Siririyar ƙugiya a jikin harafi mai ƙiba ba a ganinta daga nesa, yin ta da rashin yin ta duk ɗaya ne.

Shawarwari Ga Ɗalibai

1. A yi amfani da harafi mai ƙiba a kanu kawai, kalma biyar ko ƙasa da haka. Sauran bayani a yi shi da harafi marar ado.
2. A auna nisan mai karatu kafin a yanke girman harafi.
3. A matso da haruffan kusa da juna, gama sun fi kyau a haka, amma kada su taɓa juna. In farin rubutu ne a kan baƙi ko shuɗi, a ɗan ƙara tazara, domin fari yakan yi kamar ya kumbura.
4. Kada a ja harafin a kwamfuta don ya yi tsawo ko faɗi. In wuri bai isa ba, a rage kalmomi.
5. Kada a haɗa salo fiye da biyu a takarda ɗaya, kada kuma a ƙara masa inuwa da ja-layi. Nauyin da yake da shi ya ishe shi.
6. A zaɓi launuka masu nisa da juna, kamar baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu. Ja a kan kore yana wahalar da ido, akwai ma mutanen da ba sa iya bambanta su.
7. A ba wani ya karanta kafin a kai wurin bugawa, a sake dubawa kafin a biya kuɗi.

Kammalawa

Muna roƙon kowane ɗalibi, in ya tafi hutu, ya ɗauki littafinsa ya zaga kasuwar garinsu, ko Funtuwa ce ko Malumfashi ko Ƙafur ko Ɗandume, ya kwafo alluna biyar. Ya duba wanne ne ake karantawa daga nesa, wanne ne ya cushe, wanne ne kuma aka hana wa ƙugiyarsa. Waɗanda hannunsu ya faɗa da zane su sani cewa wannan sana'a ce da ake ci da ita, mutumin da muka ba da labarinsa ma da rubutun talla ya fara. In an dawo hutu a kawo wa malamin Hausa ko na zane abin da aka samo, za mu liƙa mafi kyau a allon sanarwa na makaranta.